Sojan da Aka Ce Ya Mutu a Faransa

Mahaifiyar matata Baturiyar Ingila ce, yanzu ta ba shekara 80 baya. Tun da na shiga danginsu labari ɗaya nake ji game da kakanta na wajen uwa: ya tafi Yaƙin Duniya na Ɗaya, ya mutu a Faransa, ya bar matarsa da goyo. Wannan goyon ita ce ta girma ta haifi surukata. Abin da ya rage na mutumin bai wuce lambobin yabo guda biyu da ke cikin wani tsohon gwangwani ba. Ran nan sai ta miƙo mini gwangwanin, ta ce tana so ta san inda kabarinsa yake kafin nata lokacin ya zo. Na ce, "Mama, ai wannan aikin mako guda ne." Sai da na haura shekara biyu a kansa.

Na fara da inda kowa ke farawa, wato rajistar hukumar da ke kula da kaburburan sojojin ƙasashen Kwamanwel. Tana ɗauke da sunayen mutum wajen miliyan 1.7 da suka mutu a yaƙe-yaƙen duniya biyu, kuma a na farkon tana lissafa duk wanda ya rasu daga 4 ga Agusta 1914 zuwa 31 ga Agusta 1921. Ina rubuta sunan sai ga shi ya fito, har da maƙabarta a arewacin Faransa. Saura kaɗan in kira surukata in yi mata albishir. Allah ya taimake ni na sake ɗauko lambobin na duba gefensu da kyau. Lambobin yabon Birtaniya na wannan yaƙi ana buga sunan soja da lambarsa da rundunarsa a bakinsu. Lambar da ke hannuna daban, ta mai kabarin daban, rundunar ma ba ɗaya ba. Kama da wane ba wane ba ce. Daga ranar na daina neman suna shi kaɗai, sai da lamba.

Akwai kuma abin da ya kamata in lura da shi tun ranar farko. Gwamnati takan aika wa iyalan wanda ya mutu a yaƙin wani faifan tagulla mai ɗauke da sunansa. Babu shi a gwangwanin, babu kuma wanda ya taɓa ganinsa a gidan.

Fayil ɗinsa na soja ban same shi ba, kuma ba abin mamaki ba ne. A watan Satumban 1940 bam ɗin Jamus ya faɗa wa rumbun da aka tara waɗannan takardu a Landan, kusan kashi biyu cikin uku suka ƙone. Ragowar, masu baƙin gefe da tabon ruwa, suna ma'adanar takardun tarihi ta ƙasa da ke Kew. Amma soja ba ya barin sawu ɗaya. Akwai katin da aka rubuta lambobin yabon da ya cancanta, akwai takardun fansho, akwai kuma rajistar wani baji na azurfa da aka fara bayarwa a 1916 ga waɗanda aka sallama saboda rauni ko ciwo. A wannan rajista ta ƙarshe na gan shi, da lambarsa daidai, da ranar da ya shiga soja, da ranar da aka sallame shi saboda rauni. Mutumin ya dawo gida da ransa.

Daga nan aikin ya sauya kama. Na daina neman kabari a Faransa, na koma neman rayayye a Ingila, sai na shiga takardun ƙidaya.

A Ingila da Wales ana rufe takardun ƙidaya shekara 100, don haka ta 1921 sai a watan Janairun 2022 aka buɗe ta. An yi ta ne daren 19 ga Yuni, bayan an ɗage ta daga Afrilu saboda rikicin ma'aikata. Tana da wata tambaya da waɗanda suka gabace ta ba su da ita: duk yaron da bai kai 15 ba sai an faɗi ko iyayensa biyu suna raye, ko uba ya rasu, ko uwa. Na buɗe takardar gidan matarsa. Da hannunta ta rubuta cewa mijinta ya mutu, a gaban sunan 'yarta kuma ta sa uba ya rasu. Da a ce wannan takarda na fara gani, da na rufe bincike, tunda ga labarin baka ga takardar gwamnati sun zo ɗaya. Sai dai a wannan dare dai, a wani gari mai nisa, ga mutumin a matsayin ɗan haya a gidan wasu, an rubuta yana da aure, garin haihuwarsa ya yi daidai, har da sunan kamfanin da yake wa aiki.

Na daɗe ina kallon takardun biyu. Abin da na fahimta a ranar shi ne ma'aikacin ƙidaya ba bincike yake yi ba, abin da mai gida ya rubuta shi yake karɓa ya wuce. Hatimin gwamnati ba ya mayar da magana gaskiya. Tun daga nan duk takardar da na ɗauka sai na tambayi kaina wa ya ba da wannan bayani, kuma me zai samu ko zai rasa idan ya faɗi gaskiya. Matar da miji ya gudu ya bari a 1921 tana da dalilin kiran kanta wadda mijinta ya mutu. Ban ga laifinta ba.

Duk da haka ban yarda da kaina ba, don sunan nasa ya yi yawa a ƙasar, kuma suna ya riga ya taɓa yaudarata. Ƙidayar 1931 ta Ingila ta ƙone ƙurmus a wata gobara a Disambar 1942, ta 1941 kuma ba a yi ta ba saboda yaƙi. Abin da ke cike wannan giɓi shi ne rajistar jama'a da aka yi ranar 29 ga Satumba 1939, wadda ke ba da cikakkiyar ranar haihuwa. Na same shi a ciki, a garin nan dai, ranar haihuwarsa ta yi daidai da takardar haihuwar da na riga na sayo kwafinta.

Abin da ya warware mini komai wasiyyar mahaifinsa ce. Tun daga Janairun 1858 gwamnati ce ke tabbatar da wasiyya a Ingila, akwai kundin shekara-shekara mai sunan mamaci da adireshinsa da ranar mutuwa da ƙimar abin da ya bari, kuma kowa na iya neman kwafi ko da ba ɗan dangi ba ne. Ban sa rai ba, domin talakawa da yawa ba sa barin wasiyya. Amma tsohon yana da ɗan gida nasa na kansa, ya kuwa rubuta. Shafi biyu ne kacal. Ya lissafa 'ya'yansa ɗaya bayan ɗaya, mata da sunayen mazajensu. Da ya zo kan sojan sai ya tsallake shi, ya ce rabon da zai samu a ba matarsa da 'yarsa, ya ambaci garin da ɗan nasa yake zaune, sannan ya ce lambobin yabon da ke hannunsa a ba jikar. Ga yadda gwangwani ya zo hannun surukata. Ashe gidan duka sun sani, yarinyar kaɗai aka rufe.

A ganina, cikin takardun nan uku wasiyya ce ta fi ƙarancin ƙarya. A takardar soja mutum na iya ƙara wa kansa shekaru don a ɗauke shi, tunda ba a cika neman takardar haihuwa ba. A ƙidaya yana iya rufa wa kansa asiri. Mai wasiyya kuwa dukiya yake rabawa, idan ya yi kuskuren suna ko dangantaka kayansa za su faɗa hannun da bai nufa ba. Kuma ita ce ke tsamo mata daga ɓata. Mace na yin aure sunan gidansu ya shafe daga takardu, sai ka ga uba ya rubuta "'yata, matar wane", zaren da ya tsinke ya ƙullu.

Da na ga haka sai kwaɗayi ya ja ni baya, can kuma na yi babban kuskurena. Na tarar da jerin nasabar gidan da wasu suka ɗora a intanet, mutum wajen goma duk sun kai ta ga kaka ɗaya. Na ce mutum goma ba za su taru a kan kuskure ba, na kwafe. Wata shida na yi ina gini a kai. Ashe ɗaya ne ya yi kuskuren, sauran suka kwafa daga gare shi, ni ma na bi sahu. Maza biyu ne masu suna ɗaya a ƙauye ɗaya, 'ya'yan wa da ƙani. Ƙidayar 1841 ba ta raba su, domin a ita ana rage shekarun duk wanda ya wuce 15 zuwa biyar-biyar, mai 29 ya koma 25, ba ta kuma faɗin dangantakar mutanen gida ko garin haihuwa. Sai daga 1851 aka fara rubuta waɗannan. Rajistar haihuwa ta gwamnati kuwa a Yulin 1837 ta fara, su kuma an haife su kafin nan. Wata tsohuwar wasiyya ce ta kotun coci, irin na kafin 1858, ta raba gardamar, inda kawunsu ya ambaci kowanne da sunan ubansa da sana'arsa. Kwana uku na yi ina fama da rubutun hannun kafin in karanta ta, sannan na zauna na goge aikin wata shida da hannuna. Yanzu ba na rubuta suna a jerin sai na sa takardar da na gan shi a gefe, kuma na ga ainihin hotonta, ba abin da wani ya kwafo ba.

Faɗa wa surukata ya fi duk binciken wuya. Na yi mako biyu ina juya maganar, har matata ta ce in ba ta takardun kawai ta karanta da kanta. Na jera mata su a tebur, rajistar sallama, ƙidaya biyu, sai wasiyya a ƙarshe. Ta karanta a hankali, ta koma kan takardar 1921 ta ɗora yatsa a kan rubutun kakarta, ta yi shiru mai tsawo. Can ta ce mahaifiyarta har ta rasu duk ranar 11 ga Nuwamba, ranar tunawa da sojojin da suka mutu a yaƙi, sai ta yi masa kuka.

Na ce, "Mama, ko in bar shi haka?"

Ta ce a'a, ai kabari ta aike ni nema, kuma har yanzu ban kawo mata ba. Na samo rajistar mutuwarsa a garin da ya ƙare rayuwarsa, na kuma rubuta wa ofishin maƙabartar garin ina neman lambar kabarin. Amsarsu muke jira.