Godiya ga ƴan kasuwar Damagaram da suka taya kayanmu

Assalamu alaikum jama'ar Damagaram.

Jiya da la'asar muka kwashe sauran kayanmu daga rumfar da aka ara mana, yau kuma na ga bai kamata in yi shiru ba. Ni gurgu ne, shan inna ta kama ni tun ina goye, sana'ata zane da rubutun allon kanti. Mu goma sha ɗaya muka shiga aikin baje kolin kayan sana'ar nakasassu: guragu, makafi masu saƙar kujera da igiya, da ƴan mata biyu kurame masu surfani. Kowane mai sana'a ya ɗauki ɗayanmu aka yi wata guda ana aiki tare, sannan aka baje kayan ran 3 ga Disamba, ranar da Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe wa nakasassu tun 1992.

Godiyata ta farko ga Alhajin da na yi wa allo a Zango. Da na tura kekena ƙofar kantinsa, na ga hannunsa ya nufi aljihu, kamar yadda aka saba yi mana. Sai ya tsaya, ya karɓi littafin zanena, ya buɗe shafi-shafi har ƙarshe. Ya ce, "Malam, nawa za ka yi mini wannan?" Na ce jikka ashirin. Ya ce goma. Na ce albarka. Muka ja, muka ja, har na sallama a sha biyar. Wallahi na daɗe ban ji daɗin abu kamar cinikin nan ba. Shekaru ana miƙo mini dala biyar ba a ko dubi fuskata, ran nan kuwa mutum ya zauna yana taya aikina don yana buƙatarsa. Alhaji, Allah ya ƙara buɗi.

Zanen da na sa masa daga bangayen tsofaffin gidajen Birni na ɗauko shi, irin dagin da magina suka fitar a jikin ƙofofi kusa da fadar Sarki. Kullum muna wuce su ba ma ɗaga kai. Yanzu ga shi a saman kanti, yara na tsayawa suna bin layinsa da yatsa a iska.

Baba baduku, na gode. Kai ka buɗe wa ƙannenmu kurame shagonka, ka ba su fatar da aka jeme da bagaruwa aka rina da karan dafi, wadda ba kowa kake bari ya taɓa ba. Ba ka iya maganar hannu, amma cikin sati guda kun fahimci juna, zarensu ya hau jakunkunanka. Jaka ko ɗaya ba ta kwana ba.

An sha wuya kam. Ana saura kwana biyu hazo ya taso, ƙura ta manne wa ɗanyen fenti, allo uku suka lalace. Ga matsalar ruwa da kowa ya san garinmu da ita. Wani mai ga-ruwa ya sauke mana jarka biyu ya ƙi karɓar ko dala, samarin fadar unguwa suka kewaye wurin da tabarmi, suka riƙe mana fitila har bayan sha biyun dare. Su ne kuma suka ɗora katako a kan matakala don kekunanmu su hau. Ban san sunayenku duka ba, Allah ya san ku, shi zai biya ku.

Hajiya mai abinci da ta sayi kujeru shida wurin ƴan'uwanmu makafi, ta kuma ce a ƙaro huɗu, mun gode. Iyayenmu mata da suka zo kallo da goyo a baya, mun gode.

Sauran kujeru da igiyoyi za mu kai su Kasuwar Dole ran Alhamis in Allah ya yarda. Wanda bai samu zuwa ba, ya zo ya duba, ya taya. Ni kuma Alhaji ya ce in koma ran Asabar, ƙofar sitonsa ma tana son rubutu.