Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Takardar Ƙuri'a Ɗaya da Ta Ɓace a Rumfarmu

A makon jiya na tsaya ne a daidai lokacin da aka maido ni Kaduna da aikin koyar da lissafi a wata makarantar gwamnatin tarayya. A wannan makon zan ba da labarin aikin zaɓen da na yi a 2015, amma kafin in kai can sai na koma tsakar gidanmu na Tudun Wada a daminar 1979, domin a nan ne zaɓe da lissafi suka fara haɗuwa a kaina.

Mahaifina ma'aikacin masaƙa ne a Kakuri, kuma ɗan a-mutun jam'iyyar PRP ta Malam Aminu Kano, mai alamar mabuɗi. Wata rana bayan sallar isha'i, yana zaune a kan tabarma da rediyonsa a gefe, sai ya ƙwala mini kira ya ce, "Kai ɗan boko, zo nan. Kashi biyu cikin uku na goma sha tara nawa ne?" Na ɗauki tsinke na durƙusa na zana a ƙasa a hasken fitilar ƙwai, sannan na ce, "Baba, goma sha biyu ne da kashi biyu cikin uku." Ya dube ni, ya dubi zanen, ya ce, "Ashe jiha ma ana yanka ta kamar tsire?"

Ban san cewa ƙasar gaba ɗaya tana kan wannan tambaya ba. Dokar zaɓen shugaban ƙasa ta ce bai isa ɗan takara ya fi kowa yawan ƙuri'u ba, sai ya samu aƙalla kashi ɗaya cikin huɗu na ƙuri'un da aka kaɗa a kowace jiha cikin kashi biyu cikin uku na jihohi, kuma jihohin Najeriya a lokacin 19 ne. Alhaji Shehu Shagari na NPN ya fi kowa ƙuri'u a zaɓen 11 ga Agusta, ya kuma cika sharaɗin a jihohi 12, amma a Kano abin da ya samu ya ɗan gaza kashi 20 cikin 100. Cif Obafemi Awolowo na UPN ya garzaya kotu yana cewa tunda jiha ba ta gutsuruwa, 13 ake bukata. Lauyan Shagari, Richard Akinjide, ya ce a'a, a jiha ta goma sha uku kashi biyu cikin uku na ƙuri'unta kawai za a duba, a nemi kwata a cikinsu, wanda ya kama kashi ɗaya cikin shida na dukan ƙuri'un Kano, kuma Shagari ya haura haka. Kotun Ƙoli ta tabbatar da nasarar Shagari ranar 26 ga Satumba, aka rantsar da shi ranar 1 ga Oktoba.

Na shekara da shekaru ina kawo wa ɗalibaina wannan shari'a idan mun zo darasin ɓangarorin lamba, kuma ba na ɓoye musu ra'ayina cewa hujjar lauyan wayo ce fiye da lissafi. Sai dai sharaɗin kansa ban taɓa raina shi ba, domin ƙasar da ta fito daga yaƙin basasa tana da dalilin hana mutum hawa mulki da ƙuri'un yankinsa kaɗai. Yana nan har yau a sashe na 134 na kundin tsarin mulkin 1999, kuma irinsa ne ke kan ɗan takarar gwamna a ƙananan hukumomi. Jihar Kaduna tana da ƙananan hukumomi 23, wanda kashi biyu cikin ukunsu ya kama 15 da ɗaya cikin uku, wato gutsuren da ya ba Baba dariya bai bar mu ba.

A zaɓen na 1979 ne kuma muka ga wani abin da ya ɗaure wa mutanen unguwarmu kai. Alhaji Balarabe Musa na PRP ya ci gwamnan tsohuwar jihar Kaduna, wadda ta haɗa da Katsina, amma NPN ce ta kwashe mafi yawan kujerun majalisar dokoki. Ƙuri'ar gwamna ana tara ta ne daga duk faɗin jiha a kwando ɗaya, ita kuwa kujerar majalisa mazaɓa-mazaɓa ake cin ta, wanda ya fi abokan takararsa ko da ƙuri'a ɗaya ce ya ɗauke kujerar, sauran ƙuri'un kuma sun bi ruwa. Majalisar ta ƙi amincewa da kwamishinoninsa, daga ƙarshe ta tsige shi ranar 23 ga Yuni, 1981. Ranar Baba bai ci tuwon dare ba.

Ni kaina na kaɗa ƙuri'ar gwamna ta farko ne a 1991, zamanin jam'iyyu biyu na SDP da NRC, lokacin da ake yin ƙato-bayan-ƙato: kowa ya bi layi a bayan hoton ɗan takararsa, a ƙirga kawuna a bainar jama'a. Maguɗin ƙirga yana da wuya a wannan tsari, amma na ga ɗan haya yana leƙen layin da maigidan hayarsa ya tsaya kafin ya zaɓi nasa, tun daga nan na san darajar sirri.

Da aka buɗe neman ma'aikatan wucin gadi na zaɓen 2015, sai na rubuta sunana ban shawarci kowa ba. Uwargidana ba ta ji daɗi ba, kuma tana da hujja, domin duk wanda ya zauna a Kaduna a Afrilun 2011 bai manta rikicin da ya biyo bayan zaɓen shugaban ƙasa ba, da rayukan da aka rasa a Zonkwa da Kafanchan da cikin gari, da dokar hana fita, har sai da aka ɗage zaɓen gwamnan jihar zuwa 28 ga wata. Ta ce, "Malam, albashinka bai ishe ka ba ne, sai ka je ka tsaya tsakanin akwati da matasa?" Na ce mata ba kuɗin ba ne, so nake in ga da idona inda lambar da ake karantawa a rediyo take fitowa. Ta ce Allah ya tsare, ba ta ƙara magana ba.

An ɗage zaɓen daga 14 ga Fabrairu zuwa Asabar 28 ga Maris. Aka tura ni wata rumfa a farfajiyar wata firamare, a matsayin mataimaki mai kula da rajistar masu zaɓe da shafa tawada a yatsa. Shugabar rumfar 'yar bautar ƙasa ce daga Kudu, sa'ar 'yata ta fari, Hausarta ba ta wuce gaisuwa ba, don haka na zama tafinta a kan aikina. A wannan shekarar ne hukumar zaɓe, ƙarƙashin Farfesa Attahiru Jega, ta shigo da na'urar da ke karanta katin zaɓe na dindindin. Tsarin ranar kashi biyu ne: a tantance mutane tun daga ƙarfe takwas na safe har zuwa ɗaya na rana, sannan a dawo a yi layi a kaɗa ƙuri'a. Na'urar takan karanta katin ba wuya, amma idan aka zo zanen yatsa sai ta yi gardama, musamman ga tsofaffi da masu aikin ƙarfi da matan da suka sha lalle, sai a cike wa mutum takardar shaida a bar shi ya wuce. Ba mu kaɗai ba ne, domin a ranar har katin shugaban ƙasa Goodluck Jonathan sai da na'urar ta ƙi karantawa a Otuoke.

Takardar ƙuri'a ba ta ɗauke da sunan ɗan takara ko hotonsa, alamun jam'iyyu ne kawai a jere, kuma ba a ba mutum ita sai shugabar rumfa ta buga hatimi a bayanta, ta sa hannu da kwanan wata. Kowa yakan karɓi uku, ta shugaban ƙasa da ta sanata da ta ɗan majalisar wakilai, ya shiga bayan kariya ya dangwala, ya fito ya jefa a gaban kowa. Wajen la'asar wata tsohuwa ta fito daga bayan kariyar tana riƙe da takardar shugaban ƙasa a yage, ta nufo ni ta ce, "Ɗan nan, ka ga ta yage, ina buɗe ta hannuna ya yi rawa." Na ce, "Ba komai, Inna, za a ba ki wata." Shugabar rumfa ta yago mata sabuwa, ta miƙo mini yagaggiyar in riƙe, domin a daidai lokacin hayaniya ta tashi a bayan layi. Ni kuma na cusa ta a tsakiyar rajistar da ke gabana, na ci gaba da aiki.

Bayan magariba aka zazzage akwatin shugaban ƙasa a kan tebur. Babu wuta, sai fitilun wayoyi da na wata mota da aka juyo da ita ta haska mu. Mutane ba su tafi gida ba, domin kiran da ake yi a lokacin shi ne a kasa, a tsare, a raka. Aka ware takardun jam'iyya-jam'iyya, shugabar rumfa tana ɗaga kowace sama, jama'a suna ƙirgawa da ita da murya ɗaya kamar 'yan makarantar allo. Aka ware guda 9 da ba su karɓu ba, wasu an dangwala wuri biyu, wasu a kan layin da ke tsakanin alamu, ɗaya kuwa ba a dangwala komai ba. Masu kyau suka kama 309.

Takardar sakamakon rumfa, wadda ake kira EC8A, ita ce uwar duk lambobin da za a ji daga baya, domin daga ita ake ɗauka zuwa gunduma, daga gunduma zuwa ƙaramar hukuma, zuwa jiha, zuwa Abuja. Ba ƙuri'un jam'iyyu kaɗai ake rubutawa a kanta ba. Akwai gurbin yawan masu rajista, da waɗanda aka tantance, da takardun da aka ba rumfa, da waɗanda ba a yi amfani da su ba, da waɗanda suka lalace kafin jefawa, da waɗanda aka ƙi bayan jefawa, kuma dole waɗannan lambobi su haɗu su ba da abin da aka karɓa da safe. An ba mu takardu 600. Waɗanda suka rage 281 ne. A cikin akwati mun samu 318. Tun kafin kowa ya taɓa kalkuleta na san jimillar 599 ce.

Wani wakilin jam'iyya, matashi mai jar hula, shi ya fara ganowa bayana. Ya ce, "Malam, ina ɗayar?" Nan take maganar ta bazu zuwa bayan taro, kuma kafin ta kai can ta zama ɗari. Aka sake ƙirga takardun akwati, 318. Aka sake ƙirga ragowar, 281. Shugabar rumfa ta dube ni, biro yana rawa a hannunta, ɗan sandan da ke tare da mu kuma, wanda ba ya ɗauke da bindiga, ya matso kusa da tebur. Na ji wani yana cewa an sayar da ita, wani yana cewa kada a bar kowa ya fita. Ƙuri'a ɗaya ba za ta canja wanda ya ci a rumfar ba, kowa ya san haka, amma ban ga laifinsu ba ko a lokacin, domin wanda ya iya ɓatar da ɗaya ba a gani ba zai iya ɓatar da dubu.

Wani dattijo mai sayar da goro a bakin makarantar, wanda ya wuni a wurin, shi ya ce, "Malam, ba kai ne tsohuwar nan ta kawo wa takarda a yage ba?" Sai na ji kamar an watsa mini ruwan sanyi. Na jawo rajistar, na kama ta ta baya na girgiza, takardar ta faɗo a kan tebur. Na ɗaga ta sama a hasken motar, na nuna yagewar da hatimin da ke bayanta, na ce da babbar murya, "Jama'a, laifina ne, ni na ajiye ta a nan na manta. Ambulan ɗinta daban ne, can ya kamata in sa ta." Mai jar hula ya karɓa ya juya ta gaba da baya, ya miƙa wa wakilin ɗaya jam'iyyar, shi ma ya duba, sannan ya ce, "Malamin lissafi guda!" Aka fashe da dariya, ni kuwa gumi ya jiƙa mini riga har baya.

Shugabar rumfa ta rubuta 1 a gurbin takardun da suka lalace, ta cike sauran da lamba da kalmomi, ta karanta sakamakon da ƙarfi, ni kuma na maimaita da Hausa. Wakilan jam'iyyu suka sa hannu, kowa ya karɓi kwafinsa, aka ba ɗan sanda nasa, aka manna sakamakon a bangon aji, matasa suka yi ta ɗaukarsa hoto da waya. Sauran akwatuna biyu ba su ba mu wahala ba. Muka ɗora kayan a mota zuwa cibiyar tattara sakamako ta gunduma, babura suna biye da mu har ƙofa.

Sai bayan ƙarfe biyu na dare na isa gida, na tarar da uwargidana zaune a kan darduma da rediyo a kunne. Ta ce, "Malam, wa ya ci a rumfarku?" Na ce, "309 masu kyau, 9 da aka ƙi, 1 da ta lalace, 281 da suka rage, 600 cif." Ta ce, "Ba wannan na tambaye ka ba," ta tashi ta ɗumamo mini tuwo.

A mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, zan kawo abin da na gani a cibiyar gunduma a wannan dare, da dalilin da ya sa na koma aikin a zaɓen gwamna na 11 ga Afrilu duk da rantsuwar da na yi a hanyar gida.