Godiya ga duk wanda ya sa hannu a tafiyarmu ta Steinbach

Assalamu alaikum 'yan uwa. Alhamdulillah mun je Steinbach, garin da ke kusa da Winnipeg a Kanada, mun dawo lafiya, ba wanda ko ƙwarzane ya samu, sai gajiya da ciwon ƙafa. Tun ranar Asabar nake son rubuta wannan amma aiki ya sha min kai, a yi min afuwa.

Na fara da Baba direba, Allah ya saka da alheri. Ƙarfe takwas muka ce masa, mu da kanmu ba mu gama haɗuwa ba sai tara saura, bawan Allah ko tsaki bai yi ba. Daga Winnipeg zuwa can kusan awa ɗaya ce. Iyayenmu mata da suka kwana suna girki kuma ban san da wane baki zan gode muku ba, don da ba ku yi mana dafa-duka da soyayyen kaza ba da mun ji jiki, tsiren da aka san mutanen can da shi na alade ne.

Sai baiwar Allahn da ta zagaya da mu a Mennonite Heritage Village, gidan tarihin 'yan Menonayit, dattijuwa mai haƙuri, yaranmu suka yi ta jefa mata tambaya tana amsawa da fara'a. Gaskiya ni da na ɗauka 'yan Menonayit turawan ƙauye ne kawai masu kawo kayan gona kasuwa. Ashe mutanen sun sha hijira. Kiristoci ne da addininsu ya hana su ɗaukar makami, sunan ma daga wani malaminsu ɗan Holan ne, Menno Simons. Daga Holan suka koma yankin Folan, daga nan a 1789 suka fara zama a kudancin daular Rasha, inda yake Yukren a yau. Da Rasha ta ce kowa sai ya yi aikin soja, Kanada ta yi musu alƙawari a 1873 ba za ta tilasta musu ba, shi ne iyalai 18 suka kafa Steinbach a 1874.

An shiga da mu irin ɗakin da suka fara zama, rami ne aka haƙa aka rufe da ƙasa da ciyawa, semlin suke ce masa. Mu da muke kuka da sanyin garin nan ga hita ga bargo, kowa ya yi tsit.

Amma inda na daɗe a tsaye gaban agogunan bango ne, na gidan Kroeger, dangin da suka ƙera su, fuskarsu an zane ta da furanni ga ƙarafan tagulla suna reto a ƙasa. Wai sau da yawa kyautar aure ce, kuma da za a bar gari sai a kwance agogon a naɗe a sa cikin akwatin katako a tsallako teku da shi. Hajiya babba tana ganin akwatunan nan ta ce ai wannan kayan ɗaki ne, irin na uwarta sak har da ado a jikin murfi, muka yi ta dariya amma ni sai da idona ya ciko, na tuna yadda na cusa kuka da daddawa a jaka ranar da zan taho na bar rigunan sanyi saboda kilo.

Samarin da suka riƙe mana yara a wurin injin niƙan nan mai aiki da iska, kun yi ƙoƙari, musamman da ƙaramin nan ya ɓace mana ashe yana can yana kallon dabbobi. An ce na da ya ƙone a 2000, wannan a 2001 aka sake gina shi. Malam da ya ja mu sallar azahar a kan ciyawa, Allah ya ƙara lafiya. Waɗanda suka biya wa ɗalibai kuɗin shiga suka ce kar a faɗi sunansu, to ban faɗa ba, Allah ya san ku.

Akwai kula shuɗiya da hular yaro da aka manta a bas, suna wurina. Masu hotuna dan Allah a turo kafin Juma'a.