Masu Karatu Iri-Iri a Baje Kolin Littattafai na Alƙahira

A ƙarshen watan Janairu, lokacin da sanyin Masar yake kan ganiyarsa, na sauka a birnin Alƙahira domin halartar baje kolin littattafai na duniya da ake gudanarwa a can kowace shekara. An fara wannan taro ne a shekarar 1969, wadda ta yi daidai da bikin cikar birnin shekara dubu da kafuwa, kuma ya daɗe yana ci a unguwar Madinatu Nasr kafin a mayar da shi sabuwar cibiyar baje koli da ke Sabuwar Alƙahira a shekarar 2019. Abin da ya kai ni shi ne son ganin masu karatu da idona, domin na sha jin ana cewa mutanen wannan zamani sun yi watsi da littafi, alhali a lokaci guda ana ba da labarin miliyoyin mutane da ke tururuwa zuwa wannan wuri cikin mako biyu kacal.

Cibiyar tana da nisa daga tsakiyar gari, don haka na shiga ɗaya daga cikin motocin bas da ake tanada musamman saboda masu zuwa taron. Tun a cikin motar na fara lura cewa fasinjojin ba buƙata ɗaya ce ta fito da su ba. Akwai magidanci da iyalinsa, akwai 'yan mata sa'annin juna suna duba jerin sunayen littattafai a waya, sannan a kujerun baya akwai matasa masu jallabiya, kowanne riƙe da babbar jakar tafiya wadda babu komai a cikinta. Da muka isa, layin shiga ya haɗa mu duka, amma muna ƙetare ƙofa kowa ya nufi ɓangarensa ba tare da tambayar hanya ba.

Masu jakunkunan na fara bi, suka kai ni zauren da maɗaba'un littattafan addini da na magabata suke. A nan ba a cika sayen littafi ɗaya ba. Ana sayen tafsiri ne mai mujalladi goma ko ashirin, da sharhin hadisi, da manyan ƙamusun Larabci, a ɗaure su da igiya a ɗora a kan keken turawa. Yawancin masu sayen ɗaliban Jami'ar Azhar ne, kuma baya ga Misirawa na ga 'yan Indonesiya da Malesiya da kuma na ƙasashen Afirka ta Yamma da yawa. Ina tsaye sai na ji ana Hausa a bayana, na juya na yi sallama. Wani ɗalibi ne, ya buɗe bugu biyu na littafin fiƙihu guda yana kwatanta su shafi da shafi. Na ce masa, "Malam, ai duk littafi ɗaya ne, me ya sa kake wahalar da kanka?" Ya yi murmushi ya ce, "Baba, ba ɗaya ba ne. Wannan an yi masa tahaƙiƙi, wato an tace shi a kan tsofaffin rubuce-rubucen hannu, wancan kuwa cike yake da kurakuran ɗab'i, kuma malaminmu ba ya yarda a yi karatu da shi."

Wannan amsa ta nuna mini wani nau'in mai karatu wanda masu kukan mutuwar karatu ba sa sakawa a lissafi. Shi ba ya karanta littafi daga farko zuwa ƙarshe ya ajiye. Yana zama da shi ne shekaru a gaban malami, yana rubutu a gefen shafi, yana komawa gare shi duk sanda mas'ala ta taso. Saboda haka sunan wanda ya tace littafin da ingancin takarda da ƙarfin bango sun fi damunsa a kan sabunta ko tsufan rubutun. Masar ta daɗe tana hidima ga irin wannan mai karatu, tun daga maɗaba'ar Bulaƙ da Muhammad Ali Basha ya kafa a shekarar 1820, har zuwa shagunan da ke lungunan bayan masallacin Azhar a yau.

Zauren da ke kusa kuwa sai ka ce wata ƙasa ce daban. Hayaniya ta cika shi, kuma wani dogon layi na samari da 'yan mata ya toshe hanyar wucewa, kowa rungume da ƙagaggen labari mai baƙin bango, ana jiran wani matashin marubuci ya sa hannu a ɗauki hoto da shi. Labaran ban tsoro da na aljanu da na binciken laifi da na soyayya su ne suka fi kasuwa a nan, tare da littattafan koyar da dabarun cin nasara a rayuwa. Na tambayi wata yarinya yadda ta san marubucin, ta ce a Facebook ta fara bibiyarsa, kuma ƙawayenta duk sun karanta, ba ta son a bar ta a baya idan ana hira. Manazarta adabi a Masar sukan raina wannan rubutu, suna cewa harshensa ba shi da ƙarfi kuma yakan gauraya Larabcin littafi da na kan titi. Akwai gaskiya a sukar, domin na buɗe wasu na ga rubutu ne na gaggawa. Sai dai tarihi ya nuna cewa rainin ba koyaushe yake kan daidai ba. Tun daga shekarar 1984 aka fara fitar da jerin ƙananan labarai masu araha waɗanda ake iya sakawa a aljihu, kuma ɗaya daga cikin marubutansu, Ahmad Khalid Taufiƙ, likita ne ɗan garin Ɗanɗa wanda manyan masu sharhi suka daɗe ba su kula shi ba. Da ya rasu a shekarar 2018, matasa ne suka yi cincirindo a jana'izarsa, kuma da yawa daga cikinsu sun shaida cewa a hannunsa suka koyi son littafi kafin su kai ga manyan marubuta.

Rumfunan da ke sayar da adabin da ake ba wa lambobin yabo, da waƙoƙi, da fassarar littattafan Rasha da Faransa, sun fi kowane ɓangare natsuwa. Masu zuwa nan 'yan kaɗan ne, sukan daɗe a tsaye suna karanta shafi biyu ko uku kafin su yanke shawara, kuma da alama sun san juna. Su ne kuma ke cika ɗakunan tattaunawa da yamma, kuma daga bakinsu na fi jin ƙorafin cewa mutane sun daina karatu, alhali bango ɗaya ne ya raba su da layin da ba ya motsi saboda cunkoso. A ganina, abin da suke nufi shi ne mutane ba sa karanta abin da su suke so a karanta.

Bayan baje kolin na koma tsohon gari, na ziyarci gidan tarihin Najib Mahfuz da aka buɗe a shekarar 2019 a wani tsohon gini kusa da Azhar, ba nisa da unguwar Jamaliyya inda aka haife shi. Shi ne Balarabe na farko da ya samu lambar Nobel ta adabi, a shekarar 1988, kuma babu direban tasi da na ambata wa sunansa bai san shi ba. Amma da na bi diddigi, sai na tarar yawancinsu ta fina-finai da wasannin talabijin da aka ciro daga littattafansa suka san labaransa. Ashe marubuci ɗaya yana iya samun jama'a biyu, masu karanta shi da masu kallonsa, kuma na biyun sun ninka na farkon nesa ba kusa ba.

Inda duk waɗannan rukunoni suke haɗuwa shi ne kasuwar tsofaffin littattafai ta Azbakiyya, daf da tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa ta Ataba. Rumfunan ƙanana ne, an jera littattafai tun daga ƙasa har rufi, kuma a rumfa guda za ka ga littafin koyon likitanci, da tsofaffin mujallun yara, da diwanin waƙoƙi, da sharhin nahawu wanda takardarsa ta yi rawaya. Tsada ce ke koro mutane zuwa nan. Masar tana shigo da takarda mai yawa daga waje, don haka duk lokacin da darajar fam, kuɗin ƙasar, ta faɗi, kamar yadda ya faru a 2016 da kuma 2022, sai kuɗin littafi ya tashi, har ta kai a baje kolin 2023 an ba masu saye damar biyan kuɗin littattafai kaɗan-kaɗan cikin watanni. Wannan tsadar ce kuma ta buɗe ƙofa ga bugun sata, wanda ake shimfiɗawa a gefen titi, da kuma kwafin da ake rabawa kyauta a intanet. Masu maɗaba'a suna kallon hakan a matsayin asara, kuma suna da hujja, amma yana nufin cewa adadin littattafan da aka sayar a hukumance ba zai taɓa bayyana yawan masu karatu ba.

Wani dattijo mai rumfa ya ce mini tun kafin mutum ya buɗe baki yake gane abin da ya zo nema. Ɗalibin addini yakan fara tambayar maɗaba'a, matashi yakan nuna hoton bango a waya, uwa takan faɗi shekarun ɗanta, mai neman waƙa kuwa ba ya tambayar kowa, durƙusawa yake yi ya tona da kansa. Na tambaye shi wane rukuni ne ya fi riƙe masa kasuwa, sai ya nuna mini wani tarin littattafan makaranta da na shirin jarrabawa a bakin rumfar, ya ce da kuɗin waɗannan yake biyan haya, sauran kuwa sukan yi shekara a kan kanta kafin mai su ya zo.