Tarihin Rayuwata, Kashi na 7: Hasken Shagon Kawu

Makon jiya na tsaya a inda na sayo tsohuwar laftof a Computer Village da ke Ikeja, na sa mata Blender, shirin kwamfuta na gina siffofin abubuwa da fitar da hotonsu, tunda kyauta ake samunsa. Wata uku ina koyon gina tebur da kujera, sannan na ɗauko abin da ke raina tun farko: shagon goron Kawu da ke Agege, har da huhuna da kwanduna da bencin da na girma a kai.

Fitila takwas na jera a cikin shagon don kada wani lungu ya yi duhu. Da hoton ya fito na kai wa Kawu a waya. Ya daɗe yana kallo, sai ya ce, "Shagona ne, ɗana. Amma wane lokaci ne wannan, hantsi ko la'asar?"

Na rasa amsa. Babu inuwa a hoton, goron kamar na roba.

Washegari bayan la'asar na zauna a shagon, ban taɓa kwamfuta ba. Ta ƙofa ɗaya tak haske ke shigowa. Ya sauka a kan jar darduma, sai ga ja-ja ya hau farin bango, har ƙasan haɓar Kawu. Ƙarƙashin benci ma ba baƙi ƙirin ba ne, akwai ɗan haske da siminti ke mayarwa. Shekara nawa ina zama a wurin nan ban lura ba! Daga baya na karanta cewa wannan tsalle-tsallen haske daga abu zuwa abu shi masanin kwamfuta James Kajiya ya rubuta lissafinsa a 1986, kuma shi Cycles, injin da ke fitar da hoto a cikin Blender, ke bi, yana harba zaren haske yana bin sawunsa duk inda ya faɗa.

Da dare na goge fitilu bakwai, ta takwas na mayar da ita rana, na kwantar da ita ƙasa-ƙasa ta leƙo ta ƙofa. Faɗin rana a sama kusan rabin digiri ne, shi ya sa bakin inuwarta ke da kaifi. Na ɗan ƙara faɗin saboda hazon Legas, inuwar ta yi laushi. Sannan na ƙara ƙwan lantarki ɗaya rataye a rufi, na ba shi kelbin 2700 (kelbin ma'aunin launin haske ne), ruwan ɗorawa irin na tsohon ƙwai, alhali hasken tsakar rana yana wajen 5500. A nan na gane dalilin da kwandon da ke nesa da ƙwan ke dushewa da sauri: in ka ninka nisa biyu, rubu'in hasken ne ke isa.

Laftof ɗin ta kwana tana huci. Bayan Asuba na nuna wa Kawu. Ya ce, "Yauwa. Wannan la'asar ce sakaliya, lokacin da nake ƙirga ciniki."

Sai dai lungunan hoton cike suke da ɗigo-ɗigo kamar an watsa gero. Yadda na yi fama da su, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.