Wata bakwai da buɗe shagon zane: inda aka kwana

'Yan'uwa masu koyo, ina yi muku sallama. Yau wata bakwai ke nan da na fara sayar da zanen da mutum zai saya ta waya, ya kai shagon buga takardu a fitar masa. Ba ni da kanti, ba ni da kaya a ƙasa, ba na zuwa sari Kantin Kwari. Jarina tsohuwar kwamfutar maigidana ce, sai data, sai haƙurin jiran wuta. Wasunku sun fara tare da ni, wasu yanzu suke shirin farawa, shi ya sa na ce bari in zayyana abin da ya gudana, da na daɗi da na kunya.

Kamar yawancinmu, a bidiyoyin matan Amurka na fara ganin sana'ar. Su Etsy suke kai kayansu, kasuwar intanet ɗin nan da aka kafa a Brooklyn a 2005. Kowane kaya ka ɗora za ka biya senti 20 na dalar Amurka na tsawon wata huɗu, in an saya kuma su cire kashi 6.5 cikin ɗari. Na lissafa wannan duka a littafi kamar gobe zan buɗe, sai da na duba jerin ƙasashen da ake biyan masu shago na ga babu Najeriya a lokacin. Sai na dawo gida. Na buɗe shafi a Selar, wanda 'yan Najeriya suka kafa don irin wannan kaya, na kuma riƙa ɗora samfuri a WhatsApp. Gaskiyar magana, mafi yawan masu sayen kayana ba sa bin ta shafin. Lambar asusu suke tambaya, su tura kuɗi, su turo hoton shaidar biya, ni kuma in tura fayil. Na daina faɗa da wannan.

Kayana na farko jadawalin tilawa ne na watan azumi: akwati sittin, kowane izu da nasa, mai izu biyu a rana ya sauke a kwana talatin. Na kwashe sati biyu ina yi masa ado a manhajar zane ta Canva. Bango shuɗi mai duhu, jinjirin wata ruwan gwal, rubutu fari siriri. A waya kam sai wanda ya gani. Mutum uku suka saya a rana ɗaya, har na fara tunanin canza labule.

Kwana biyu bayan nan ɗaya daga cikinsu ta turo mini hoton abin da aka buga mata, ba ta ce komai ba. Baƙi ƙirin, kamar gindin tukunya. Akwatunan ba sa ganuwa, balle a sa musu alama da biro, ga wani fili fari a ƙasa da ban san daga ina ya fito ba. Na ɗauki mayafi na tafi shagon buga takardu na bakin layinmu, abin da ya kamata in yi tun kafin in karɓi kuɗin kowa. Yaron shagon ya buɗe fayil ɗin, ya yi murmushi, ya ce, "Anti, wannan ai sai ya shanye mana tawadar sati. Kuma injin nan baƙi da fari yake bugawa, mai kala kuɗinsa daban ne, ba kowa ke yarda ba." Na ce, "To ƙanena, filin nan na ƙasa fa?" Ya ce girman takardar da na zaɓa ba irin tamu ba ce.

Ashe ma'aunin Amurka na kwafo daga bidiyo ban sani ba. Takardarsu inci 8.5 ce da 11, wato kusan milimita 216 da 279. Tamu A4 ce, milimita 210 da 297: ta fi tasu tsawo, ba ta kai ta faɗi ba. In ka zana a tasu aka buga a tamu, injin zai rage zanen don ya shiga, ragowar ya zauna fayau. Tun ranar nan na kafa wa kaina doka, kuma ita ce abu mafi amfani da na samu a wata bakwai ɗin nan: ba na ɗora komai a kasuwa sai na biya kuɗina an buga mini shi a mafi gajiyar injin unguwarmu, na riƙe shi a hannu, na yi rubutu a kai da biro. Fuskar waya maƙaryaciya ce. Haske take fitarwa daga ciki, takarda kuwa tawada take sha, shi ya sa shuɗin da ke walƙiya a waya yake mutuwa a takarda.

Na sake jadawalin daga farko. Bango fari, layi baƙi mai kauri, adon bai wuce ɗan zane a kusurwa ba. Na bar santimita ɗaya a kowane gefe, domin ƙananan injina ba sa kai bugu har bakin takarda. Na mayar wa mutanen ukun sabon kyauta tare da ban haƙuri. Abin mamaki, wannan marar kwalliyar shi ya fi tafiya.

Ga wasu ƙananan abubuwa da na tsinta a hanya, ba sai na daɗe a kansu ba. In zanen hoto ne, a yi shi da ɗigo 300 a kowane inci, wanda a A4 yake kamawa fiksel 2480 da 3508. Ƙasa da haka gefen haruffa sai ya yi gizo-gizo. A fitar da shi PDF. Kuma in za a tura ta WhatsApp a tura shi a matsayin takarda, kada a tura a matsayin hoto, don hoto matse shi ake yi. A kuma karanta sharuɗɗan duk inda aka ɗauko ado: ba a yarda ka ɗauko zanen wani yadda yake, ba ka ƙara komai ba, ka sayar a matsayin naka.

Wani abin da azumin ya koya mini shi ne kada in buga kwanan wata. Na so in jera ranakun boko kusa da na Musulunci, Allah Ya sa wata yayata ta ce in bari sai Sarkin Musulmi ya yi sanarwa. Na bar gurbin babu komai, kowa ya cike da hannunsa. An ɗauki azumin 2025 ranar 1 ga Maris, aka yi guda 29, aka yi Sallah ranar 30 ga Maris. Masu bin jadawalina na izu biyu a rana sai ga su da ragowar izu biyu ranar idi. Wata ta yi mini tsiya a kan haka har yau. A sabon da nake shiryawa na ƙara ɗan rubutu a ƙasa: wanda yake son ya tabbata ya sauke, ya ƙara izu ɗaya a rana biyu daga cikin goman farko.

Yanzu bari in zo inda ya fi ci mini rai, wato haruffanmu masu lanƙwasa. Bayan Sallah na yi allon haruffa na yara, irin wanda za a buga, a yi masa laminatin, a manna a bango. Na zaɓi wani salon rubutu mai ƙiba mai kyau, na fara jerawa: a, b, sai ɓ ta fito wata siririya daban kamar baƙuwa a gidan biki. Haka ɗ, haka ƙ. Dalili kuwa, wanda ya ƙera salon bai zana waɗannan haruffa ba, sai kwamfuta ta aro su daga wani salo ta cusa. Wani lokaci ma akwati kawai za ka gani a gurbinsu. Na ga mutane da yawa suna kauce wa matsalar ta hanyar cire lanƙwasar gaba ɗaya. A saƙon waya wannan da sauƙi, amma a allon da yaro zai koyi karatu da shi, ina? Ta yaya za ka nuna masa bambancin kafa da ƙafa, ko daka da ɗaka, ko bari da ɓari? Ni dai ban yarda in karɓi kuɗin uwa in ba ɗanta rubutun da bai cika ba.

Na ɓata kwana huɗu ina gwaji. Yanzu kafin in so kowane salon rubutu sai na buga masa jimla ɗaya da na ƙirƙira: "Ɓarawo ya ɗauki ƙwai, Ɗanladi ya bi shi Ƙofar Mata." Akwai manya da ƙanana a ciki, in ɗaya ta bambanta na watsar. Waɗanda suka ci jarrabawar kuma nake amfani da su kullum su ne Noto Sans da Noto Serif na Google, sai Andika da Charis na ƙungiyar nazarin harsuna ta SIL. Andika an yi shi ne musamman don masu koyon karatu, haruffansa a buɗe suke, shi na sa a allon yaran. Dukkansu kyauta ne kuma lasisinsu ya yarda a yi kasuwanci da abin da aka rubuta da su. Sannan wata malama daga Maraɗi ta saya, ta ce mini su a makarantunsu ba sa rubuta 'y kamar mu, ƴ suke rubutawa mai lanƙwasa a ka. Ban taɓa lura ba. Yanzu allon iri biyu ne, na Najeriya da na Nijar, sai dai har yau biyan kuɗi da sefa sai ta hannun wani ɗan'uwanta da ke zuwa Jibiya.

Sai maganar da kowa ke tambayata a ɓoye: in mutum ɗaya ya saya ya raba wa duniya fa? Ya faru. Gwaggona ce da kanta ta turo mini allon haruffan a zauren danginmu na WhatsApp, ta ce, "'Yata, ga wani abu mai kyau, ki buga wa yaranki." Na rasa dariya zan yi ko kuka. Na ce, "Gwaggo, ai ni na yi shi." Ta ce to Allah Ya yi albarka, ta ƙara tura wa wasu zauruka biyu don ta taimake ni.

A wajenmu abin da ba a riƙe shi a hannu ba, ba a ɗauke shi kaya ba, kuma rowar fayil abin kunya ne. Ba zan iya canza wannan ba, ban ma ga amfanin yin fushi ba. Abin da na yi biyu ne. Na sa sunan shagona ƙarami a ƙasan kowane shafi, yadda duk inda ya je zai yi mini talla. Sannan na karkata ga abin da ba ya rabuwa: katin gayyatar suna, na ɗaurin aure, na walimar sauka, takardar manna wa robar zoɓo da kunun aya mai sunan mai sana'a da lambarta. Wa zai tura wa wani katin sunan ɗan da ba nasa ba? Ina da ginshiƙin zane guda shida, sai dai in canza suna da rana da wuri. Aikin minti ashirin ne in akwai wuta, kuma daga nan kuɗin data da na cefanen wani lokaci suke fitowa. Kada in ruɗe ku, bai kai albashi ba. Akwai satin da ko mutum ɗaya bai yi sallama ba.

Abin da ke kan teburina yanzu littafin adashi ne. Uwar adashin unguwarmu tana riƙe da na mata ashirin a wani tsohon littafin makaranta da ta ja wa layi da hannu. Na zana mata shafi: suna a hagu, ranakun zubi a sama, gurbin wadda ta kwasa a ƙasa. Na kai mata bugun farko, ta ɗaga shi nesa da ido, ta ce, "Yarinya, wannan akwatunan na kiyashi ne? Ni dangwale wasu suke yi mini, ba rubutu ba." Na koma na kwantar da takardar a kwance, na rage sunaye zuwa goma a shafi, na faɗaɗa kowane gurbi ya isa babban yatsa. Bugu na biyu yana hannunta tun Talata, ta ce in dawo bayan zubin Juma'a in ji ko ya yi.