Ciwon sanyi da maganin kurkure baki

Jiya da yamma wani matashi ya shigo kantin magani da nake aiki a unguwar Terminus, nan Jos, ya rage murya ya ce: "Yaya, da gaske ne maganin kurkure baki yana kashe ciwon sanyi?" Ban ga laifinsa ba, domin tambayar tana da tushe. A shekarar 2016 masu bincike a Melbon ta ƙasar Ostireliya sun gano cewa kurkure maƙogwaro da Listerine, wani maganin kurkure baki, yana rage ƙwayar cutar da ke cikin maƙogwaron masu ɗauke da ita a can bayan minti biyar, amma babban gwajin da suka wallafa a 2021, inda maza suka riƙa kurkurewa kullum har mako 12, bai nuna cewa hakan yana hana kamuwa ba.

Abin da ya sa ake neman wata hanya shi ne ƙwayar ta riga ta bijire wa penisilin da magunguna da dama da suka biyo bayansa, har allurar seftriyazon ta zama kusan madogarar da ta rage. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta sabbin kamuwa kimanin miliyan 82 a 2020.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne ya ce har ya fara wanke gabansa da ruwan wanke rauni, wanda ba ya isa inda cutar take, sai ƙonewa kawai. Na roƙe shi ya je asibiti a gwada shi, ya kuma tafi da matarsa.